Kwalin Matar Akawu

A garin, in aka ce "Duk-Shekara" kowa ya san wa ake nufi. Abokansa ne suka laƙaba masa sunan tun yana da littafi biyar, don shekara ba ta juyowa bai fitar da sabo ba, sunan kuwa ya bi shi har furfura ta cika masa gemu, littattafan suka kai talatin da ɗaya. A gaban idonsa dai Malam ake ce masa. Bai taɓa rubuta ƙagaggen labari ba. Aikinsa rayuwar mutane ne: mawaƙa, marubuta, wani tsohon alƙali, wata ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin garin. Manajan kamfanin da ke buga masa littattafai yakan ce, "Malam ai injin niƙa ne. Zuba masa mutum da safe, ka dawo da yamma ka kwashi littafi." Malam yakan yi dariya, don a lokacin yabo yake jin maganar.

Cikin talatin da ɗayan nan, wanda ya ɗaga shi shi ne tarihin Akawu. Akawu marubucin labarai ne da ya yi shekara talatin yana aiki a ofishin jirgin ƙasa, da wannan sunan kuma yake sa hannu a littattafansa. Huɗu ya bari, kowa kuma ya san yana kan na biyar lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu, aka nemi na biyar sama da ƙasa, babu. Malam ne ya ba duniya amsa, a shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu: matar Akawu ce ta ƙona shi a bayan gida, kwana uku da rasuwar mijinta. Littafin Malam ya shiga makarantu, aka buga shi sau bakwai.

Shekara tara bayan haka, gara ta tona asirin.

Wata Asabar da hantsi matarsa ta shiga ɗakin karatunsa da tsintsiya. Malama ta yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare, amma ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba. Ta danna ƙafar kantar littattafai da yatsa, katakon ya lotsa kamar burodi.

"Malam, zo ka ga masoyanka," in ji ta. "Ka daɗe kana kukan mutane sun daina karatu. To ga waɗanda har bango suke cinyewa."

Aka kira kafinta. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce kantar ta gama aiki, a sauke komai. Can sama dab da silin akwai kwalaye goma sha biyu, ragowar takardun littattafan da aka gama, kowanne da sunan mai shi a gefe. Kafinta yana kan tsani yana miƙowa, Malam yana karɓa. Na bakwai an ɗaure shi da shuɗiyar igiya, a gefensa an rubuta "Akawu, tarkace" da hannun Malam kansa. Gara ta cinye gindinsa. Ana ɗaga shi ya ɓarke, abin da ke ciki ya zube a tsakar ɗaki.

Tsofaffin jaridu ne, da jadawalin tashin jirage, da katunan asibiti. Sai wani ƙunshi a cikin baƙar leda, an naɗe shi sau biyu an ɗaure da zare. Ledar ce ta hana gara. Malam ya tsuguna ya kwance. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, guda tara, kowanne da lamba a bango. Ya buɗe na farko. Ƙananan haruffa masu karkata hagu, da koriyar tawadar ofishin jirgin ƙasa. Ko cikin dubu aka jefa wannan rubutun zai tsamo shi. A saman shafin an rubuta "Babi na ɗaya". Ya jawo na tara, ya buɗe ƙarshe. An ja layi, an rubuta "Ya ƙare", da kwanan wata, mako uku kafin rasuwar Akawu.

"Malam, lafiya?" in ji kafinta daga kan tsani. "Ko kunama ce?"

"Ƙura ce," in ji Malam. Ya tura ƙunshin ƙarƙashin tebur da ƙafa, kamar yaron da ya fasa kofi.

Bai sha wahalar tunawa ba. Abin yana nan tas a kansa, ashe bai taɓa juyowa ya kalle shi ba ne kawai. A waccan shekarar Manaja ya matsa masa lamba littafin ya fito daidai da cikar Akawu shekara guda da rasuwa. Wata biyar ke gare shi. Ƙanin Akawu, wani dillalin motoci mai yawan magana wanda bai taɓa shiri da matar wansa ba, ya ce masa, "Da idona na gani. Wuni guda tana ƙona takardu a cikin rabin duro, hayaƙi har maƙwabta suka leƙo." Malam ya tafi wurin matar da rakodarsa. Minti arba'in ya ba ta, don mota tana jiransa a waje.

"Hajiya, gaskiya ne kin ƙona takardu?"

"Na ƙona."

"Me ya sa?"

"Shi ya ce in ƙona abin da ke cikin aljihun tebur na ƙasa."

Nan ya kashe rakoda. Bai tambaye ta me ke cikin aljihun ba, don yana ganin ya riga ya sani. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ta jawo kwali daga ɗaki tana nishi. "Wannan a ƙarƙashin gado yake," ta ce. "Ni idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ka duba, ko akwai mai amfani." A bayan mota ya kwance igiyar, ya ga jaridu, ya ɗaga biyu ya ga wasu jaridun, ya mayar ya ɗaure. A daren Laraba aka karɓi babin ƙonawar, da Juma'a yana wurin bugu.

Har jimlar da ya rubuta ya tuna, don ya yi alfahari da ita: "Abin da ciwo ya kasa cinyewa, ashana guda ta cinye, kuma hannun da ya ƙyasta ta shi ne mafi kusa da shi." Jaridu sun ɗauko ta, malaman jami'a sun kafa hujja da ita. Ya ji labarin abin da ya biyo baya, kamar yadda mutum yake jin labarin ruwan da aka yi a wani gari. An ce a taron tunawa da Akawu ba a ajiye wa matar kujera ba. An ce wani ya rubuta mata zagi a bangon gida da gawayi, har ta bar unguwar ta koma wurin 'yarta. 'Yar, wata ma'aikaciyar jinya, ta aiko masa da wasiƙa shafi uku. Ya karanta shafin farko, ya ce a ransa ɓacin ran iyali ne, kowane mai rubuta tarihi ya saba da shi. Bai ba da amsa ba. A lokacin yana kan tarihin alƙali.

Kwana bakwai bai gaya wa kowa ba. Kafinta ya gama sabuwar kanta ya tafi. Malam yakan karya kumallo, ya shiga ɗaki ya murza makulli, abin da bai taɓa yi ba, ya karanta. Labarin wani mai gadin tasha ne da 'ya'yansa mata uku, kuma tun kafin ya kai littafi na uku ya san ya fi sauran huɗun nesa ba kusa ba. Sau biyu ya yi dariya shi kaɗai. Sai a rana ta huɗu ya lura da rubutun da ke cikin bangon littafi na farko, inda zufar hannu ta ɗan dusashe tawadar: "Ga matata, wadda na karanta wa kowane shafi tana guga, take gaya min inda na yi ƙarya."

Shi kuwa a nasa littafin ya ce mace ce da rubutun mijinta bai dame ta ba. Wa ya gaya masa haka? Ya zauna ya lalube kansa, ya bi tsofaffin takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya gaya masa. Ya ga dai ta dace da labarin ne, ya sa.

In ya ji an buga ƙofar gida sai gabansa ya faɗi, alhali babu mahalukin da ya san abin da ke ƙarƙashin teburinsa. A rana ta takwas ya sa littafi na farko a jaka ya tafi kamfani.

Ofishin Manaja yana saman ɗakin injuna, ƙasan yana rawa a ƙarƙashin ƙafa, ko'ina warin tawada da gam. Manaja ya rufe ƙofa, ya karanta shafi biyu a tsaye, sannan ya zauna a hankali ya cire tabarau.

"Malam, ka san abin da ka kawo min? Wannan ai sai mu kwana muna bugawa." Ya dubi ƙofa. "Wa ya sani?"

"Ni da kai."

"To bari in gaya maka yadda za a yi. Ofishin jirgin ƙasa suna kwashe tsohon sito tun bara, kowa ya sani. Can aka same shi. Wani ma'aikaci ya kawo maka, ya ce kada a ambaci sunansa. Ka rubuta gabatarwa, ka wanke tsohuwa tas, ka ce bincike ya kai ka ga gaskiya. Ita ta fita, kai ka fita, littafi ya fito. Wa aka cuta?"

"Ƙarya ce ai."

"Ƙarama ce, Malam. Ka faɗi ta gaskiyar, gobe kowane ɗan jarida sai ya tambaya, sauran talatin ɗin fa? Kwalaye nawa ne ba a buɗe ba? Ba kai kaɗai za ka sha ba, har da mu, har da makarantun da suka yarda da kai."

Malam ya ce zai yi tunani. Abin kunyar shi ne tunanin bai ɗauke shi lokaci ba. Washegari kafin azahar ya gama gabatarwar, shafi biyu, ta yi kyau ƙwarai. Har ma'aikacin ya siffanta, tsoho mai ɗingishi da hular saƙa. Alƙalamin bai tsaya masa ko sau ɗaya ba.

Shekara talatin da bakwai Malama ce take fara karanta duk abin da ya rubuta, tun zamanin da take buga masa a tafireta. Ya fita sayen jarida, ya manta bai murza makulli ba. Da ya dawo ya tarar da ita a kujerarsa, gabatarwar a hannu ɗaya, baƙar ledar a cinyarta, yagaggen kwalin da ya ɓoye bayan ƙofa kuma yana gabanta, gefen da aka yi rubutu yana kallonsa.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Ashe ka fara ƙagaggen labari ba ka gaya min ba. Wannan mai ɗingishin, a ina ka samo shi?"

"Malama, ki tsaya ki ji."

"Ina ji."

Ya zauna a kan ɗaurin jaridu kamar ɗalibin da aka kira ofis.

"Ni na buga maka babin ƙonawar nan," ta ce, muryarta ta sauka. "Na tuna na tambaye ka, ka tabbata? Ka ce min shaidu biyu gare ka. Na yi shiru, na ce kai ne masani. Ranar da aka ce an yi mata rubutu a bango, ni da bakina na ce ita ta jawo. To ka ga ni ma ina da kaso." Ta ajiye takardun a tebur, ta danne su da tafin hannu. "Na farkon kuskure ne, gaggawa ce da son a yaba maka. Wannan kuwa da idonka biyu ka zauna ka ƙera shi. In ka kai shi kamfani, kada ka ƙara ba ni komai in karanta."

"Sunana zai zube, Malama."

"Nata fa? Wa ya tambaye ta kafin a zubar?"

Ta tashi ta fita. Daga tsakar gida ta ɗaga murya ta ce ta goge masa farar rigar, tana kan gado.

Gidan 'yar Akawu yana bayan wani ƙaramin asibiti, cikin jerin gidajen ma'aikata masu fenti iri ɗaya. Da la'asar sakaliya ya isa, ƙunshin a ƙirjinsa. Sau biyu ya wuce ƙofar kafin ya yi sallama. Ma'aikaciyar jinyar ce ta buɗe, ba ta ko cire fararen kayan aiki ba. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, da goshin mahaifinta sak. Ta gane shi nan take.

"Ikon Allah," ta ce. "Wasiƙar tawa ce ta iso? Shekara tara tana hanya."

"Na zo ganin Hajiya ne, in da hali."

"Wani littafin za a rubuta?"

"A'a. Wani abu na kawo mata. Nata ne."

Ta dube shi, ta dubi ledar, sannan ta matsa gefe.

Falon ƙarami ne: kujerun roba huɗu, fanka mai tsayuwa tana juyi tana ƙara, keken ɗinki a lulluɓe da zane. Tsohuwar tana zaune kan tabarma kusa da taga, tana tsince wake a faranti da lalube. Ta rame, idanunta sun yi fari-fari. Da aka gaya mata ko wane ne sai ta ajiye farantin, ta gyara mayafi.

"Malam ne? Maraba, maraba. A ba shi kujera mai kyau, ba mai tsagar nan ba. Ya iyali? Ya Malama? A kawo masa ruwa."

Da zagi ta tare shi da shi, da ya fi masa sauƙi. Bai hau kujerar ba. Ya durƙusa a gefen tabarma, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwance ledar ya ajiye littattafan a gabanta.

"Hajiya, an samu wani abu. Littafin marigayi, na biyar. An same shi cikakke."

Tsohuwar ba ta motsa ba. 'Yar ce ta ajiye kofin ruwan a kan keken ɗinki.

"An same shi a ina? Wa ya same shi?"

Tsohon nan mai ɗingishi ya zo masa har bakin harshe. Malam ya haɗiye shi.

"A ɗakina. A cikin kwalin da Hajiya ta ba ni da hannunta, ta ce in duba. Ban duba ba. Na ga jaridu a sama, na ɗaure na ajiye. Shekara tara yana saman kantata. Abin da na rubuta a kanta ƙarya ne, kuma ni na yi shi, ba wani ba."

Fanka ta juya ta dawo, ta ɗaga gefen bangon littafi na farko. Tsohuwar ta miƙa hannu ta lalubo shi, ta shafa, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta bi sauran da yatsa tana motsa leɓe.

"Tara ne," ta ce.

"Tara ne, Hajiya."

"Kenan ban ƙona ba?"

Malam bai gane tambayar ba da farko. Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Ban ƙona ba, Malam? Ka tabbata? Ka duba da kyau wannan karon?"

"Ba ki ƙona ba."

"Ka ga," ta ce a hankali, kamar mai ba da haƙuri, "aljihun nan a cike yake. Wasiƙun da ya rubuto min ne kafin aure, da takardun likita da ba ya so yara su gani. Ina kuka, ban duba ba, na juye shi gaba ɗaya a wuta. Da littafinka ya fito aka karanta min, sai na ce to, mutum mai ilimi ya yi bincike ya gano. Wataƙila ya mayar da su aljihun ban sani ba. Wannan ta yi ta ce min, Inna, ba ki ƙona ba, littafi tara ba sa shiga aljihun nan. Na ce mata ke kin fi Malam sani ne?" Ta yi 'yar dariya, hawaye suna bin kumatunta. "Kullum sai na roƙi Allah ya yafe min, in roƙi mai littafin ma. Shekara huɗu yana rubuta shi, yana tari."

Duk abin da Malam ya shirya ji a hanya, bai shirya wa wannan ba. Ya ɗauka ya sa duniya ta zarge ta. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ita ma ta yarda da shi ba.

"Ka ji ko?" in ji 'yar. Ba ta ɗaga murya ba. "A asibitin nan, in aka tambaye ta matar wa ce, sai ta ce ita uwar nas ce, shi kenan. 'Yata ta zauna jarrabawa shekara uku da suka wuce, aka tambaye su me ya sami littafin Akawu na ƙarshe. Ta rubuta kakarta ta ƙona shi. Ta ci makin, Malam. Ta dawo gida ta kasa cin abinci."

"Ba ni da bakin magana," in ji Malam. "Zan rubuta a jarida, da sunana, yadda abin yake. Hajiya, don Allah ki yafe min."

Tsohuwar tana rungume da littattafan a cinya, tana jera su bisa lamba da lalube, tana kuskure.

"Malam, bar ni in gama jin daɗin nan tukuna," ta ce. "Maganar yafiya a bar ta sai wani lokaci. Yau ba ni da wurin sa ta." Ta juya wajen 'yarta. "Zo ki karanta min farkon. Wurin da mai gadi yake ƙirga taragu."

'Yar ta zauna a tabarma, ta buɗe, ta fara karantawa tana tuntuɓe da ƙananan haruffan. Ba ta kai layi na uku ba tsohuwar ta karɓe, ta ƙarasa jimlar da ka, har da inda ake tsayawa a ja numfashi. Malam ya dafa bango ya miƙe. Babu wadda ta ɗago. Ya sa takalmansa, ya ja musu ƙofar.

Ya rubuta bayanin a sakin layi huɗu, ba ado, Malama ta karanta ba ta gyara komai ba. Jaridar ta sa shi a shafi na goma sha tara, kusa da tallar taya. Duk da haka an gani. Wasu suka ce ya yi jarumta, wannan ya fi ƙona masa rai fiye da zagin. Wani matashin malamin jami'a ya rubuta cewa ya kamata a sake bin littattafan Duk-Shekara gaba ɗaya da tsinken tsifa, Malam kuma bai ga inda ya yi ƙarya ba. Ya sauke sauran kwalaye goma sha ɗaya ya bi su takarda bayan takarda. A na alƙali ya tarar ya ɗora wa mutumin hukuncin da wani ya yanke. A na ungozoma ya tarar ya kashe mata ɗa guda da yake raye. Ya rubuta wa iyalansu. Da ya je wurin ƙanin Akawu, dillalin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni hayaƙi na ce na gani. Kai ne mai bincike."

Manaja ya yi fushi na wata biyu, sannan ya buga sabon bugu da gyara. Amma tsofaffin suna nan dubbai a ɗakunan karatu na makarantu. Malam ya sa aka buga 'yar takarda mai girman tafin hannu, ya riƙa aika wa shugabannin makarantu yana roƙo a manna ta a kan shafin. Wasu suka manna, wasu ko amsa ba su ba shi ba. A wannan shekarar bai fitar da littafi ba, haka ma wadda ta biyo.

Littattafan tara kuwa, 'yar ba ta kai wa Manaja ba. Ta ba wata malamar jami'a, yarinya ce a idon Malam, ta shirya su a wani kamfanin daban. Babu wanda ya nemi gabatarwa daga gare shi.

Wata bakwai bayan zuwansa gidan tsohuwar, wata Talata da rana, wayarsa ta yi ƙara yana cikin liƙe ambulan. Muryar ma'aikaciyar jinyar ce.

"Inna ta ce a gaya maka ta yafe."

Malam ya zauna. "Na gode. Allah ya saka mata. Ke fa?"

"Ni ban ce komai ba tukuna." Ya ji tana juya takarda. "Akwai wata magana. Littafi na shida ruwa ya taɓa shi, wajen shafi ashirin. Malamar ta kasa karanta wasu wurare, ni ma haka, Inna kuma ta ce wannan babin tana asibiti aka rubuta shi, ba ta ji shi ba. An ce babu wanda ya san hannun Baba kamarka."

"Zan iya gwadawa."

"Ba za a sa sunanka ba. Kuma littafin ba zai bar gidan nan ba."

"Haka ya kamata. Yaushe zan zo?"

"Alhamis, ƙarfe huɗu, in na tashi aiki. Ka zo da tabaraunka, hasken falon ba shi da ƙarfi."

Ya ce to. Ta kashe wayar ba sallama. Malam ya ajiye wayar, ya leƙa tsakar gida ya tambayi Malama ko ta ga inda ya ajiye gilashin ƙara girman rubutu.